Caji ko sharje: gardamar da ba ta kawo wuta

A kasuwar Maraɗi, ɗan kasuwa cewa yake a sa masa salula a caji. A ofisoshin Yamai kuwa, ma'aikacin da ya yi lakkol sai ya ce sharje, wani ma har yana yi wa caji kallon kalmar ƴan tasha wadda ta ƙetaro iyaka ba takarda. Wannan raini ba shi da tushe.

Gaskiya ne caji daga Ingilishi ta fito, daga "charge". Amma su ma mutanen Ingila aro suka yi wajen Faransawa tun ƙarnoni da dama, asalinta kuwa a Latinanci shi ne ɗora wa amalanke kaya. Ke nan caji da sharje uwa ɗaya uba ɗaya suke. Batirin da aka cika da wuta, kaya aka ɗora masa. Haka kuɗin da mai sana'a ya yanka wa mutum, haka laifin da hukuma ta rataya masa: a Nijeriya duk caji ne, shi ya sa ake ce wa wurin ƴan sanda caji ofis.

Abin da ya ba caji rinjaye shi ne Hausa ta riga ta ɗauke ta ɗiya. Kamar yadda ake da ciji da ciza, sai Bahaushe ya fitar da caza daga caji, har yana cewa magana ta caza masa ƙwaƙwalwa. Sharje ba ta haifi komi ba.

Masu ƙyamar kalmar don ta zo daga kudu, su tuna daga ina wutar kanta take zuwa. Tun 1976 waya ke kawo wa Yamai lantarkin madatsar Kainji ta hanyar Birnin Kebbi. A 2022, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijelek daga Nijeriya ake sayo ta. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Nijeriya ta katse wayar a watan Agusta, ba ta mayar ba sai Maris 2024. A waɗannan watanni, mai cewa caji da mai cewa sharje duhu ɗaya suka kwana, suna neman mai janareto. Madatsar Kandaji kuwa, wadda aka aza tubalinta tun 2008, a lokacin ko fitila ɗaya ba ta kunna ba.