Kafin ka sayi mota mai buɗe kai, ka fara cinikin rufinta

Motocin da ake buɗe musu kai, waɗanda ƴan birni ke kira dekapotabul, sun fara leƙowa a wuraren sayar da motocin hannu. Ba yawa gare su ba, amma duk inda aka ajiye ɗaya sai samari sun kewaye ta. Mutane kuwa sun rabu biyu a kanta. Wasu na cewa motar ƴan gayu ce marasa aikin yi, wasu na ganin ai mota mota ce, in dai inji lafiya shi ke nan. Ni ban tsaya da ko ɗaya ba. Wanda ya tara kuɗinsa na halas yana da ikon ya sha iska yadda ya so. Abin da nake ƙi shi ne a sayi irin wannan mota da lissafin da ake sayen Corolla.

Ɗauki Peugeot 206 CC, wadda ta fi saurin samuwa saboda an ƙera ta da yawa a Faransa daga 2000 zuwa 2007. Injinta na 1.6 ba baƙo ba ne, akwai irinsa a sauran 206 da 307, kuma makanike a Maradi ko Damagaram ya sha kwance shi. Nan dillali zai tsayar da kai, ya buɗe inji, ya taka totur ka ji ƙara. Amma kuɗinka ba nan zai tafi ba. Rufin ƙarfe ne mai ninkewa gida biyu ya shige but cikin kamar daƙiƙa 20, kuma abin da ke ɗaga shi famfon mai ne da silinda da siraran bututu, sai wasu ƙananan makunnai da ke shaida wa motar cewa kowane sashe ya zauna a wurinsa. In ɗaya daga cikinsu ya ƙi magana, rufin zai iya tsayawa a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba. Ko labulen cikin but aka manta ba a ja ba, rufin ba ya motsi. Mafi ƙuruciyar waɗannan motoci ta kusa shekara 20, robobin da ke tare ruwa sun sha sanyin Turai, yanzu kuma za su haɗu da ranar Afrilu.

Ita ce ma babbar maganar, rana. An yi motar ne don mutanen da ke wata da watanni suna marmarin ta fito. Mu nan gudun ta ake yi. A bazara, zafi ya haura digiri 40, wa zai buɗe kai da azahar a kan hanyar Konni zuwa Tawa? Da hunturu hazo ne, ƙura ta shiga kujeru, ta shiga gaɓoɓin rufin ta haɗu da man da aka shafa musu ta koma kamar turɓaya mai cin ƙarfe. Da damina kuwa kowa ya san iskar da ke riga ruwa zuwa. Akwai ƴan ramukan da ruwan sama ke bi ya fita ta ƙarƙashin mota. In yashi ya toshe su, ruwan sai ya nemi hanya zuwa but da ƙasan kujeru, inda wayoyin lantarki suke. Abin da ya rage maka shi ne bayan la'asar sakaliya da dare, musamman daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi. Kuma gaskiya a wannan lokacin babu motar da ta kai ta daɗi. Ka bi bakin kogi a Yamai gab da magariba kai a buɗe, za ka gane abin da masu ita ke biya.

Sai hanya. Mota in an yanke mata rufi ƙarfin jikinta ya ragu, don haka masu ƙera ta ke ƙara ƙarfe a ƙasa. Ta ƙara nauyi ke nan, kuma duk da haka tana murɗawa a kan gargada fiye da mai rufi. Kowane rami da ka faɗa, makullan rufin ne ke jin jiki. Kujerun baya na 206 CC kuwa ko yaro ɗan firamare sai ya naɗe ƙafa, but ɗin ma in rufi ya shiga ya cinye fiye da rabinsa. Mai iyali da zai sayar da motarsa ɗaya tilo don wannan, a riƙe masa hannu.

Kayan gyaran rufin ba a jibge suke a kasuwa ba kamar na Toyota, sai an yi odarsu. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso, ga jira ga ƙarin kuɗi.

Shi ya sa in da zaɓi, na fi yarda da mai rufin yadi da ake ɗagawa da hannu, irin Mazda MX-5 da ta fito tun 1989. Ba famfo, ba man da zai yoyo, in yadin ya yage mai ɗinkin kujerun mota zai iya yi masa faci. Aibinta ɗaya, ɓarawo da reza ya shiga, ga shi kuma tana dab da ƙasa, sai an lallaɓa ta a yashi.

In kuma 206 CC ɗin ce ta shiga ranka, to ranar ciniki ka sa a buɗe rufin a rufe sau uku ko huɗu a jere a gabanka, kana saurare ko yana sarƙewa. Ka ɗaga shimfiɗar but ka shafa ko akwai danshin mai ko tsatsa. Sannan ka sayi ruwa jarka biyu wurin ɗan garuwa, ka shiga ciki ka rufe gilasai, a kwarara a kan rufin kana kallon kusurwoyi. Dillalin da ya ce baturi ya yi sanyi sai gobe, ka ce masa goben za ka dawo da kuɗin.