Kaifin Hoto Bai Isa Yanke Hukunci Ba

A shekarar 1884 wani Bajamushe mai suna Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan shamuwar Turai tana sauka a sheƙarta tana kuma tashi. Da za a ajiye su a gaban masu sharhin hoto na yau, da yawa za su ce ba su yi kaifi ba, su wuce. Amma a cikinsu aka ga yadda tsuntsu ke lanƙwasa fuffuke ya tari iska, kuma sun ja hankalin Otto Lilienthal, wanda ya fara shawagi da fikafikan da ya ƙera a 1891.

A yau idan aka kawo hoton tsuntsu a sama, abin da mai sharhi ke fara yi shi ne ya faɗaɗa shi a kwamfuta, ya duba ko ana iya ƙirga gashin wuya. Wannan ɗabi'a tana da tushe. Idan idon tsuntsu ya yi dishi-dishi, hoton ya mutu. Tsattsewa kuwa ba ta kamuwa sai kyamara ta ƙifta cikin kashi 1 bisa 2,000 na sakan, ko ma fiye da haka sauri.

Sai dai kaifi ya zama abin da kuɗi ke saya. Kyamarar Canon EOS R5 ta 2020 tana gano idon tsuntsu ta bi shi da kanta, Sony Alpha 1 ta 2021 kuma tana ɗaukar hoto 30 a sakan guda. Mai sharhin da ya tsaya a kan kaifi kaɗai, farashin na'ura yake yabo, ya bar gwanintar mai riƙe da ita.

Gwanintar tana bayyana ne a abubuwan da na'ura ba ta zaɓa wa mutum. Na farko haske. Farar balbela a tsakar rana takan fito kamar tsumma, babu zanen gashi ko ɗaya, sai idan mai hoto ya rage hasken da ke shiga ko ya jira sanyin safiya. Na biyu yanayin fuffuke: wanda ya miƙe sama ko ya sauka ƙasa sosai yana nuna ƙarfin bugun iska, wanda aka kama a rabi kuwa yakan rufe fuska. Ɗan dishi-dishi a bakin fuffuke ma ba aibi ba ne muddin ido ya fito tar, domin shi ke shaida cewa tsuntsun tafiya yake. Hoton da ya daskare gaba ɗaya yakan yi kama da gawar da aka rataye da zare.

Wuri ma yana da hakki a kan mai sharhi. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna cika dausayin Haɗeja da Nguru ne a lokacin hunturu, daidai da zuwan hazo. Ƙurar da ke tsakanin kyamara da tsuntsu tana rage kaifi komai tsadar gilashi. Wanda ya ƙi irin wannan hoto saboda sama ba ta yi shuɗi ba, yana neman yanayin wata ƙasa ne a sararin Yobe da Jigawa.

Tambaya mafi nauyi ita ce wadda ba a cika yi ba: me ya tashi tsuntsun? Hanya mafi sauƙi ta samun garke a sama ita ce a firgita shi da tafi, ko jifa, ko jirgi maras matuƙi. Tsuntsun da zai sake ƙetare Sahara kitse yake tarawa, kuma duk tashin firgici yana ƙona masa guzurin tafiya. Sau da yawa alamar tana cikin hoton: garke ya watse lokaci guda, kowa ya juya wa kyamara baya.

Za a iya cewa ba kullum ake gane haka daga hoto ba, kuma gaskiya ne. Shi ya sa ya kamata mai sharhi ya tambayi inda aka tsaya, da nisan da aka bari, da abin da tsuntsun ke yi kafin ya tashi. Abin da ake yabo shi masu koyo ke kwaikwaya. Muddin ana jinjina wa kaifi ba tare da waɗannan tambayoyi ba, yaron da ya sayi kyamara gobe zai koyi cewa jifa ɗaya ya fi jiran awa uku riba.