Karin kumallo a Dogo-Dogo: tsakanin tanda da buhun fulawa

Duk baƙon da ya kwana a Dogo-Dogo, can kudancin jihar Damagaram daf da iyakar Najeriya, ba ya bukatar agogo domin ya san gari ya kusa wayewa. Tun kafin ladan ya kira assalatu ake fara jin motsi a bayan darni: wata tana buga ƙullun wake a cikin ƙwarya, wata tana hura wuta a ƙarƙashin tanda, wata kuwa tana dama kunu da gasarar da ta kwana. Kafin rana ta fito ƙamshin man gyaɗa ya game unguwa. Ƙosai da waina da kunun tsamiya su ne abin karya kumallon mutanen wannan ƙasa tun kaka da kakanni, kuma kusan dukan kayan haɗinsu daga gonakin da ke kewaye da gari suke fitowa.

A bakin kasuwa da tashar mota kuma akwai teburin mai shayi, da burodinsa da madarar gwangwani da biskit a cikin leda. Ma'aikacin da aka turo daga birni can yake nufa da safe, ɗan kasuwa ma haka, har yara sun fara ganin cewa cin burodi shi ne wayewar kai, ƙosai kuwa abincin ƙauye ne. Cin burodi ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne inda kuɗin magidanci yake tafiya kowace safiya, da abin da yake shiga cikin ƴaƴansa.

Alkamar da ake nomawa a Nijar, a lambunan Azbin da wuraren noman rani irin na Birnin Ƙonni, ba ta taka kara ta karya ba in an gwada ta da bukatar masu gasa burodi. Fulawa daga ƙetare take zuwa, da kuɗin ƙetare ake sayenta, saboda haka duk girgizar da ta sami duniya sai ta iso teburin mai shayi. Ranar 12 ga watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ƙasashen da suke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake sayarwa a kasuwannin duniya, buhun fulawa ya sake hawa. A ƙarshen watan Yuli na 2023 ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakokinta da Nijar, ba a buɗe ta Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. A kowane karo burodi yakan yi tsada ko kuwa ya ƙanƙance. Matar da ke da gero a rumbu da wake a buhu kuwa ta ci gaba da ɗora tandarta kamar yadda ta saba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gatarin Dogo-Dogo ma ba guntu ba ne. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga ta Magariya a 2011, ƙasar gero ce da wake da gyaɗa da riɗi, kuma Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya. Sai dai shekara da shekaru manomi yakan sayar da wakensa da kaka, lokacin da ya fi araha, buhuna su tsallaka zuwa kasuwar Maigatari, sa'an nan da bazara uwargida ta koma tana sayen tiya guda da tsada. Bashi yana cikin abin da ke jawo haka, tsoron ƙwari ma yana ciki, domin waken da aka ajiye haka kawai ba ya daɗewa bai huje ba. An samu maganin wannan tun wajen 2007, sa'ad da masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka tare da na INRAN a Maraɗi suka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS. In an ɗaure ledojinsa biyu na ciki da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba maganin feshi ko kaɗan ba. Gidan da ya ajiye buhu guda irin wannan ya tanadi ƙosan watanni.

Maganar ta wuce ta kuɗi. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya, kuma shekaru da dama, da zarar damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, sai ɗakunan yara na asibitin su cika. Abincin da ake ba yaron da tamowa ta kama, wanda ake kira Plumpy'Nut, ba wani abin al'ajabi ba ne: markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, aka ƙara masu sinadaran gina jiki. Gyaɗar da ake sayarwa da araha a bakin gona ita ce ginshiƙin maganin da ake bin layi a karɓa. Kusan rubu'in nauyin wake abin gina jiki ne, na gyaɗa ma haka, na gero kuwa bai wuce kashi 11 ko 12 cikin ɗari ba. Kuma irin wanda gero ya gaza a kansa wake yana da shi. Ashe tsoffin da suka haɗa ƙosai da kunu a ƙwarya guda sun san abin da suke yi.

Aikin kansa ba ya bukatar komi sai haƙuri da tsabta. Mai son ƙosai ya yi kyau takan jiƙa wake na ɗan lokaci, ta surfa shi, ta wanke har ɓawon ya fita tas, ta markaɗa da albasa da attarugu ba tare da ta cika ruwa ba. Sirrin yana wajen bugu: ƙullun da aka buga sosai iska takan shige shi, in an saka a mai sai ya taso ya kumbura, wanda ba a buga ba kuwa ya nutse ya sha mai ya yi nauyi. Gishiri sai dab da suya ake sa shi. Wannan ƙosai da wasu ke rainawa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da shi har Bahiya ta ƙasar Barazil, inda har yau mata ke soya shi a bakin titi, ana kuma alfahari da shi.

Waina ita kuma kwana take so. Akan jiƙa gero ko shinkafa, a niƙa, a dafa wani kaso a haɗa da ɗanyen, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi har ya tashi ya yi tsami. Da safe a sa ɗan ruwan kanwa ya kashe ƙarfin tsamin, a shafa mai a ramukan tanda a riƙa zubawa da ludayi. Tsamin nan yana da amfani, domin yana sauƙaƙa wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi, wanda ke ƙara jini. Shi kuwa kunun yaro, bayan ya cika wata 6 yana shan nonon uwa zalla, bai kamata ya zama tsararo ba, don cikin yaro ƙarami ne, in ruwa ya cika shi babu wurin abinci. A dama shi da kauri, a sa cokali guda na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin soyayyen wake. In ya yi kauri da yawa, ɗan garin geron da aka bari ya fara tsiro aka shanya aka daka yakan sassauta shi ba tare da an ƙara ruwa ba. Abin da yaro zai sa a aljihu ya tafi lakwal kuma, ga ƙuli-ƙuli da kantun riɗi, waɗanda ke yin kwanaki ba su lalace ba.

Ba a ce sana'ar gida ba ta da nata aibu ba. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi cuta ne. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, wuta ba ta kashe ta, dole a tsince a zubar. Tiren da aka bari a buɗe, ƙura da ƙuda su ne abokan cinikinsa na farko. Mafi nauyi duka shi ne talla: sau da yawa ƙosan da uwa ta soya ƴarta ce ke yawo da shi gida gida a daidai lokacin da ƴan uwanta ke cikin aji. Ribar dala ashirin ba ta biyan karatun ɗiya mace.

A nan ne masu karanta wannan shafi suke da abin yi. Ma'aikacin da ke shirya taro a ofishin magajin gari ko na gunduma yana iya ba ƙungiyar mata aikin waina da kunu maimakon katon ɗin biskit. Shugaban makarantar da ke ciyar da ɗalibai yana iya sayen wake da gyaɗa a hannun manoman da ke kusa, ya kuma ba iyaye mata wuri a bakin ƙofa su sayar da kansu, ƴan mata su shiga aji. Ɗan kasuwar da ke kawo fulawa ba zai yi asara ba in ya kawo buhunan ajiyar wake da kaka, ko ya kafa injin niƙa a ƙauyen da mata ke tashi tsakar dare suna daka. Magidanci kuwa, kafin ya ɗora buhun ƙarshe a amalanke, ya tuna da watannin da hatsi ke yankewa.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya zuri'a cikin ƙoshin lafiya.