Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya



Ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan ɗan ratse daga abin da muka saba tattaunawa, in kai ka Amurka, wurin hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar. Akwai wasu hukunce-hukunce nata guda biyu da suka daɗe suna yi mini yawo a zuciya.

Na farko ya shafi Jami'ar Arewacin Karolina. A shekarar 2014, binciken da ita kanta jami'ar ta sa aka yi ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011 an riƙa gudanar da wasu darussa na jeka-na-yi-ka: babu shiga aji, babu malamin da ke koyarwa, sai dai ɗalibi ya miƙa rubutu guda a ba shi maki mai tsoka. Ɗalibai kimanin 3,100 ne suka bi ta wannan hanya, kusan rabinsu 'yan wasa. Amma a 2017 hukumar ta ce ba za ta hukunta jami'ar a kan darussan ba, domin a buɗe suke ga kowane ɗalibi, kuma jami'a ce ke da hurumin tantance ingancin karatunta.

Na biyu kuwa Jami'ar Misuri ce. Wata mai taimaka wa ɗalibai da bita ta yi wa 'yan wasa 12 aikin makaranta. Jami'ar ta amsa laifi, ta ba masu bincike cikakken haɗin kai. A Janairun 2019 aka hana ƙungiyoyinta uku shiga wasannin ƙarshen kaka na shekara guda, aka kuma ci ta tara. Ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ƙarar a Nuwamban wannan shekarar.

Wani zai ce ai kowace shari'a da irin hujjojinta, kuma jami'o'in ne da kansu suka tsara dokokin. Na yarda. To amma mu dubi darasin da aka koyar: wanda ya amsa kuskurensa ya sha bulala, wanda ya dage a kan cewa ba a karya dokar hukuma ba ya tafi gida lafiya. Wace jami'a ce za ta sake fallasa kanta bayan ta ga haka?

Sa'an nan wa hukuncin ya faɗa wa? Mafi yawan matasan da aka hana wasa ba su da hannu a laifin. An bar jaki ana dukan taiki.

A fahimtata, darajar hukunci tana ga mudun da aka auna shi, a ce da shi ake auna wa kowa. Wannan tunatarwa ce gare ni da duk wanda aka ɗora wa hukunta wasu, uba ne a gida ko malami a aji: kada mai faɗin gaskiya ya fi mai musu shan wuya a hannunmu.

Allah Ya sa mu dace, amin.