Gizo a cikin kwalba

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Arewa, daga Matankari har Gesheme, ya san Gizo tun kafin ya san harafin farko a lakol. Shi ne mai wayon da ya haɗa giwa da dorina jan igiya, shi ne ke ci ya ƙoshi ya bar Ƙoƙi da yunwa. Amma ko tsohuwar da ta fi kowa iya tatsuniya ba ta taɓa kawo labarin mutumin da ya kama Gizo ya rufe a kwalba, ya aje a ɗakin kwanansa, yana kiran baƙi su zo kallo ba. Abin da tatsuniya ta kasa ƙagowa, zamani ya kawo shi, kuma hotunansa sun riga sun shiga salular samari.

Akwai wani gizo-gizo mai ido shida wanda ke zaune cikin yashi. Na Afirka, wanda masana suka mayar wa sunan Hexophthalma a 2017, gidansa hamadar Namibiya da busassun yankunan Afirka ta Kudu; ɗan uwansa Sicarius yana Amurka ta Kudu. Ba ya saƙa yanar farauta. Yakan tone yashi ya binne kansa, ƙwayoyin yashin su manne a gashin jikinsa har ya saje da ƙasa, ya kwanta shiru yana jiran ƙwaron da ajali zai kawo. Yana iya yin watanni ba ci ba sha. Dafinsa yana narkar da tsoka yana ɓata jini, kuma gwajin da aka yi da zomaye a Afirka ta Kudu ya nuna yana kisa cikin ƴan sa'o'i. Har yau ba a yi wani maganin dafi domin shi ba. Wanda ya san tsoron da Bahaushe ke yi wa tautau saboda ƙurajen da ake jingina masa, to ya ɗauka ga tautaun da ya fi gaban ƙuraje.

Wannan halitta ce wasu mutane a Turai da Amurka ke saye, su zuba mata yashi a akwatin gilashi, su jefa mata gyare lokaci lokaci. Ba ta san mai ita ba, ba ta amsa kira, yawancin kwanakinta ma ba a ganinta, tana ƙarƙashin yashi. Me aka saya ke nan? An sayi damar cewa: «A ɗakina akwai abin da ke iya kisa.»

Masu wannan kiwo suna da hujjarsu, kuma bai kamata a danne ta ba. Suna cewa gizon nan matsoraci ne, ba ya neman kowa da faɗa, cizon mutum da aka tabbatar daga gare shi bai taka kara ya karya ba. Suna cewa sha'awa tana haifar da ilimi, kuma wasunsu suna hayayyafa dabbobin a gida ba tare da taɓa na daji ba. Duk an ji. Sai dai tambayar da suke tsallakewa ita ce wadda ta shafi ƙasashe irin Nijar: hannun wa ya fara tono abin daga raminsa, kuma nawa aka ba shi?

Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙirga jinsi 1,264 na gizo-gizo da kunama da danginsu da ake ciniki a duniya, ya kuma gano kashi 67 cikin ɗari na waɗanda aka bi diddiginsu daga daji aka kamo su. Afirka ta Yamma ta daɗe da ɗanɗana wannan kasuwa. Babbar baƙar kunamar nan ta Gana da Togo da Benin, dangin wadda Bahaushe ke kira duwu, an yi ta kwasarta zuwa kantunan Turai da Amurka har aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES a 1995. Hakan bai tsayar da kwasar ba, sai da aka kai ga shawartar ƙasashe su dakatar da sayenta daga Benin da Togo a 2013. Kunama ce mai jinkirin haihuwa: takan yi watanni da ciki, ta haifi ƴaƴa kaɗan, ta goye su a bayanta. In aka kwashe iyaye mata daga wani daji, shekaru ake yi kafin wurin ya farfaɗo. Haka aka yi wa babban kunkurun Sahel, wanda da ake gani yana rarrafe a gidajen sarakuna da attajirai: sai da aka hana fitar da na daji domin ciniki a shekarar 2000. Benin kuwa maƙwabciyar jihar Doso ce, kuma dillali ba ya rasa hanya.

A nan ne wasu masu son kare kowane sabon abu da rigar al'ada suke tsoma baki. Ai, in ji su, Bahaushe ma yana wasa da abin dafi. Ba ga gardawa nan suna yawo kasuwa kasuwa da kura da maciji da kunama ba? Wannan kwatanci gurgu ne. Gardi gado ya yi ko kuwa ya yi shekaru yana bin ubangida. Kowa a gari ya san shi, ya san mahaifinsa, in abin da yake riƙe da shi ya yi ɓarna an san ƙofar da za a buga, kuma Sarki na iya kiransa. Ba a ce duk laƙanin gardi gaskiya ne ba, ba a kuma ce dabbar da aka cire wa haƙori tana jin daɗi ba. Wannan ma magana ce da ya kamata a yi wata rana. Amma ko kusa ba a haɗa shi da mai saye daga nesa, wanda bai san sunan ƙauyen da aka tono abin ba, bai san yaron da aka harba wajen tonon ba. Ƙasar da ta haifi Sarauniyar Lugu, inda ake da kurmi da duwatsun da ba a taɓawa sai da izinin masu ƙasa, ta san bambanci tsakanin girmama abin daji da mayar da shi kayan ado.

Abin da ya fi ciwo shi ne batun magani. Mai kiwon gizo a Jamus, in tsautsayi ya faɗa masa, motar asibiti tana ƙofarsa kafin ya gama salati. Manomin Dallol Mauri da kububuwa ta sara a lokacin girbi, sai an ɗora shi a amalanke ko bayan babur zuwa gidan likita, daga nan wataƙila a tura shi Dogon Dutsi ko Doso, kuma kuɗin allurar na iya cinye rumbu guda. Kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, ɗaya daga cikin magungunan dafin da aka fi amincewa da su a Afirka, a 2014, domin ba ya kawo riba. Na ƙarshensa ya lalace a Yunin 2016. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su, alhali ita da kanta ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. Duniyar da ta iya kai gizo da rai daga hamada zuwa ɗakin wani ta cikin akwatin saƙo, ita ce ta kasa kai kwalbar magani Koremairuwa a kan kuɗin da talaka zai iya biya.

Yanzu kuma ga wata sabuwa: bidiyon da ke yawo ana cewa dafin kunama ya fi zinariya tsada, kowa ya tara kunamu ya tatsa zai yi arziki. Masana sun yi kashedi tun 2021 cewa wannan tatsar ta ƴan koyo tana barazana ga kunamun daji. Ɗakunan bincike dafi kaɗan suke buƙata, kuma daga hannun waɗanda suka san jinsin da suka tatsa da yadda ake adana shi suke saye. Saurayin da ya cika tukunya da kunamu a bayan ɗakin uwarsa ba zai ga mai saye ba; ƙannensa masu rarrafe ne za su ga kunamun. Harbin da babba zai kwana yana murƙususu ya tashi, yana iya tafiya da ƙaramin yaro.

Doka tana nan. Nijar ta shiga yarjejeniyar CITES tun 1975, kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora kamun dabbar daji domin ciniki a kan izinin hukuma. Amma ma'aikacin gandun daji ba zai tsaya a bakin kowane rami ba. Malamin lakol ne ke ganin yaran kowace safiya, shi ne zai fara jin labari in wani baƙo ya sauka ranar kasuwa yana ba da dala ashirin a kan kowace kunama ko hawainiya. Ƙungiyoyin raya al'adu da ke kashe ƙarfinsu wajen shirya kokawa da wasan kwaikwayo suna iya aika ɗalibai wurin tsofaffin mafarauta, su rubuto sunan kowane maciji da kunama da gizo na Arewa da Hausar wurin, da inda yake kwana, da watan da yake fitowa, da wanda ke kisa da wanda ba ya yi. A haɗa wannan da abin da likita ya sani: kada a tsaga wurin sara, kada a tsotsa, kada a ɗaure da tsumma tamau, a hana ƙafar motsi a garzaya gidan likita. In kuma baƙon nan mai kwalabe ya zo, yaro ya san abin da zai fara tambayarsa: ina takardarka, kuma in ta harbe ni wa zai biya allura?