Zancen Gida: Sa'ad da Kwamfuta Ta Tsaya Tana Tambaya

Tun da Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, waɗansu gidaje sun sa wa tsohuwar kwamfutarsu Linux, ko Debian ko Ubuntu, gama ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba. To, ga abin da zai tarye su ran da za su sabunta babbar manhajar, misali daga Debian 12 zuwa 13.

Akwai jaka mai suna /etc inda fayilolin saiti suke, watau ka'idodin da na'ura ke bi. A ce maigida ya rubuta cikin /etc/security/time.conf cewa yara ba za su shiga kwamfuta bayan ƙarfe 8 na dare ba. Idan masu manhajar su ma sun sake wannan fayil, ana cikin sabuntawa sai aiki ya tsaya, tambaya ta fito da Turanci: na wa za a riƙe, naka ko nasu?

Wanda ya danna Y, sabon fayil ya hau, nasa ya koma gefe da wutsiyar .dpkg-old. Dokar yara ta tashi ke nan, ba kuwa wanda zai sani sai uwargida ta farka tsakar dare ta ga haske a falo. Wanda ya danna N, nasa ya zauna, sabon ya jira da wutsiyar .dpkg-dist. Amma N ma ba ƙarshen magana ba ne, domin tsohon fayil yakan ƙunshi umarnin da sabuwar manhaja ta daina ganewa.

Mu dai ga shawararmu. Kafin a fara, a kwafe /etc duka cikin filasha, a kuma cika batir, gama mun san halin wuta. Tambaya ta fito, a danna D tukuna: layukan da ke da alamar ɗebewa naka ne, masu alamar tarawa nasu ne. Sa'an nan a danna N. Bayan an gama, a buɗe fayilolin biyu a natse, a mai da layukanka cikin sabon, a sa shi a gurbin tsohon.

Kowane gyara kuma a rubuta shi cikin ƙaramin littafi, kamar yadda magatakardan ikilisiya ke yi da rajistar baftisma, a nuna wa uwargida inda aka ajiye littafin.