Ra'ayinmu: Ciwon Dajin Mafitsara da Haƙƙin Majiyyaci a Kanmu

  

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya tashi a fadamun Haɗejiya, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ya san tsargiya. Har ma an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga yaro. Wannan kuskure ne babba. Tsutsa ce ke haddasa shi, wadda ke girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai su ko mai shuka shinkafa, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun sauya tafiyar kogin, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ruwan da ba ya gudu shi ne gidan katantanwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwan nan idan ya shekara da shekaru yana miki a mafitsara, yakan zama sanadin ciwon daji ga wasu 'yan kaɗan. Likita Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, likita Ferguson ya nuna alaƙarta da ciwon dajin mafitsara a 1911, sannan a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin tabbatattun sabubban cutar.

Ga inda gizo ke saƙar. Ciwon dajin mafitsara iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a Turai da Amurka, shan taba ne babban sababinsa. Wanda tsargiya ke jawowa kuwa, wato mai suna "sukwemas" a bakin likitoci, ƙaranci gare shi a can, don haka akasarin abin da ɗan majiyyaci zai karanto a intanet bayanin wancan ne. Shi wannan bai cika jin allurar ƙona cuta kamar wancan ba, kuma babban maganinsa tiyata ce, matuƙar an zo da wuri. Saboda haka duk watan da aka ɓata ana yawo, ana rage wa majiyyaci damarsa ne.

Abin takaici, da zarar labari ya fita sai likitocin zaure su yi caa. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce ciwon daji ba ya son ƙarfe, mai mota da lasifika ya ce jarka ɗaya ta wadatar, wani kuma ya turo murya ta WhatsApp. Sai a sayar da shanun huɗa da buhunan shinkafa a kai wa boka, a isa asibiti hannu wofi bayan cuta ta ci jiki. Alhali aya ta 43 a Suratun Nahli ta umarce mu da komawa ga masana, aya ta 6 a Suratul Hujurati kuma ta hore mu da tantance labari. Masanin ciwon daji shi ne likitan da ya karanci fannin, kamar yadda masanin gado shi ne malamin fara'ili.

Don haka muke nasiha da abubuwa kamar haka. Na farko, babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa kada ya tsaya ga ƙwayar tsargiya. Ƙwayar faraziƙwantel tana kashe tsutsa, amma ba ta warkar da daji. Ya je Babban Asibitin Haɗejiya ya nemi hoton mafitsara, idan da hali a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na biyu, ba a tabbatar da ciwon sai an leƙa mafitsara da na'ura, an yanko ɗan tsoka an auna. A karɓi takardar sakamakon, a adana ta, domin da ita za a tafi Shika ta Zariya ko wani asibitin idan an nemi ra'ayin likita na biyu. Na uku, a shiga wurin likita da mutum ɗaya mai karatu, a rubuta tambayoyi: mene ne ainihin sunan ciwon, wane mataki ya kai, me ake fata daga maganin, nawa zai ci?

Akwai kuma waɗanda ke gudun tiyata don tsoron rataya jakar fitsari, wai sallarsu za ta ɓaci. To, malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin yoyon fitsari: mai wannan lalura ma'abucin uzuri ne, sallarsa ingantacciya ce. Haka nan an yi wa majiyyaci rangwamen azumi. Neman magani kuwa ba ya warware tawakkali, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya yi bayani a Zadul Ma'adi.

Saura mu jama'a. "Allah Ya ƙara sauƙi" addu'a ce mai kyau, amma ba ta biyan kuɗin motar Kano. Majiyyacin da jinya ta talauta, ko bashi ya yi masa katutu, yana cikin masu haƙƙin zakka. Lalle ne kowane masallaci ya ware asusun jinya, 'yan agaji su tsara masu rakiya da masu ba da jini, 'yan'uwanmu na Kano da Zariya su buɗe zaurukansu ga masu jinya. A rufa wa majiyyaci asiri, kada a guje shi, domin ba a ɗaukar ciwon daji ta cuɗanya. Limamai kuma su ja hankalin iyaye su bari a ba 'ya'yansu ƙwayar tsargiya idan an zo rabo a makarantu, har da makarantun allo. A Masar, da aka rage tsargiya, wannan nau'in ciwon ma ya ragu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya jinya ta zama kaffara.